Gyara Kayanka Bai Zama Sauke Mu Raba Ba: Tsokaci Kan Zaman Gidan Gado

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.



Batun da nake son mu tattauna a kansa yau ba a littafi na tsince shi ba, daga gidanmu na ɗauko shi. Na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta, domin Bahaushe ba ya son baje sirrin gidansu a kasuwa. To amma duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Bodinga da Shagari ta nufi Tambuwal, ya kuma leƙa cikin tsofaffin unguwanni, zai ga abin da nake gani: gidaje masu tarihi, gabansu an yanka shi shaguna, bayansu soraye sun zube, cikinsu kuwa 'yan'uwan jini ne da ba sa ga maciji da juna. Da na fahimci ciwon ba namu ba ne mu kaɗai, sai na ga yin shiru ba alheri ba ne. Ba zan ambaci sunan kowa ba, kuma sai da na nemi izinin manyana.

Gidan Da Ya Girmi Duk Wanda Ke Cikinsa

Gidanmu yana cikin tsohon garin Bodinga. Kakan mahaifina ne ya gina shi a zamanin Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu, wanda ya yi sarauta daga 1931 zuwa 1938, wato tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939. Ginin ƙasa ne na tubali, mai katanga mai kauri, rufin zaure da na shigifa kuma na azara. Duk tsananin bazarar ƙasar Sakkwato, in ka shiga zauren nan da tsakar rana sai ka ji kamar an yayyafa maka ruwa. A cikinsa na fara riƙe allo, a cikinsa aka ɗaura auren gwaggonninmu da yayyenmu mata, ta ƙofarsa kuma aka fita da gawar duk wanda ya riga mu gidan gaskiya daga wannan zuriya.

Mai gidan ya rasu ba a raba gado ba. 'Ya'yansa suka ce ai duk ɗaya ne, babban wa ya riƙe. Su ma suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, ba a raba ba. A lokacin da labarina ya faru, magidanta 7 ne ke zaune a ciki, kowa da sashensa, amma ƙofar shiga ɗaya, rijiya ɗaya, kwata ɗaya ke fitar da ruwan kowa zuwa waje.

Kada mai karatu ya zaci kuka na zo yi da irin wannan zama. Wallahi ni'ima ce da mazaunin gidan haya a birni bai san daɗinta ba. Ranar da naƙuda ta kama iyalina da tsakar dare, ban ƙwanƙwasa ƙofar baƙo ba, tsofaffi uku ne suka fito kafin in gama sa riga. Yaro ba ya kwana da yunwa a gidanmu don tukunyar uwarsa ba ta hau wuta ba. Saurayi in ya tashi aure ana nuna masa kango ya rufe, ba ya biyan ko kwabo. Saboda haka mai son gidan ne ke wannan rubutu, ba mai neman hanyar gudu ba.

Sai dai akwai tambaya guda da ba wanda ya taɓa yin ta a fili: shin gidan nan na wane ne? Amsar da muka gada ita ce, na kowa ne. Daga baya na gane cewa abin da aka ce na kowa ne, ranar moro kowa ya san hanyarsa, ranar gyara kuwa ba shi da mai shi.

Daren Da Zaure Ya Zube

Tun daminar 2019 indararon da ke gabashin zaure ya karye, ruwa ya koma bin jikin katanga. Kowa ya gani. Ni kaina sau biyar a rana nake wucewa ta ƙarƙashinsa zuwa masallaci, kullum in ɗaga kai in ce ya kamata a gyara wurin nan. Kalmar “a gyara” ita ce ta kashe mu, domin ba ta da mai aikatawa. An shekara 6 ba a yi wa zauren yaɓe ba, alhali ginin ƙasa, kamar yadda kowane magini zai gaya maka, rayuwarsa na ga yaɓe da gyaran indararo kafin faɗuwar damina.

Wani dare cikin watan Agusta na 2020 aka kwana ana ruwa. Gab da asuba muka ji ƙara kamar aradu. Gefen gabas ya zame, azara ta biyo shi. Samarin gidan a zauren suke kwana, amma daren nan yoyo ya kore su cikin gida tun farkon dare. Da ba don Allah Ya kiyaye ba, da ba wannan rubutu nake yi ba.

Bayan kwana uku aka taru a gindin dogonyaron ƙofar gida. Wani ɗan baffana da ke kasuwanci a Sakkwato ya fara magana, ya ce: “Baffa, ni dai a ware mini rabona in sayar. Akwai mai son gefen hanya zai yi shaguna.” Baffanmu, wanda shi ne babba, ya buga sandarsa a ƙasa ya ce: “Kai yaro, muddin ina numfashi ba mai sa igiyar awo a gidan kakanmu.” Hayaniya ta kaure.

Can sai ga muryar gwaggona, ƙanwar mahaifina, wadda ke aure a Shagari, ta zo jaje tana zaune kan tabarma daga bakin ƙofa. Ba baffa ta kalla ba, ni ta kalla. Ta ce: “Malam, kai da ake cewa kana karantar da yara rabon gado, ni ina nawa kason yake? Shekara arba'in ke nan da rasuwar mahaifinmu, ko ƙyauren ɗaki ba a taɓa nuna mini an ce nawa ne ba.”

'Yan'uwa, ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na karanta ilimin fara'id a zaure, na sake karanta shi a jami'a, ina zana jadawalinsa da alli a Islamiyya, ina ba ɗalibai maki a kansa. Amma ɗakin da nake kwana, ban san ko a kan kason gwaggo yake ba, ko a kan na marayun da ƙanen mahaifina ya bari. Ban iya ce mata komai ba sai: “Gwaggo, kin yi gaskiya.”

Abin Da Na Ji Daga Niyok

Cikin makon nan muka yi waya da wani abokina da muka yi jami'a tare, wanda karatu ya kai shi Amurka, yana zaune a yankin Bronx na birnin Niyok. Da na ba shi labari sai ya ce: “Malam, ai benen da nake ciki ya girmi gidanku, kuma shi ma na tarayya ne.” Na ce ya yi mini bayani, daga baya kuma na bi na karanta.

A irin waɗannan gidaje na haɗin gwiwa, ba wanda ya mallaki ɗakunansa kai tsaye. Ginin gaba ɗaya na ƙungiya ne, mazauna su ne masu hannun jari a ƙungiyar, kuma hannun jarin ne ke ba mutum takardar zama a sashensa. Kowane wata kowa na biyan kuɗin kula da gini: rufi, famfo, tukunyar ɗumama ɗakuna lokacin sanyi, haraji da albashin ma'aikata. Mazaunan ke zaɓen kwamitin da ke riƙe asusu, ana yin taron shekara a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita. Wanda kuma zai sayar da kasonsa, sai kwamiti ya amince da mai saye.

Ba attajirai kaɗai suka yi wannan ba. A 1916 wasu 'yan ci-rani daga ƙasar Finlan suka haɗa kuɗi suka gina nasu a unguwar Sunset Park ta Brooklyn, suka raɗa masa suna Alku, wato mafari a harshensu. A 1927 ƙungiyar ma'aikatan ɗinki ta Amalgamated, bisa jagorancin Abraham Kazan, ta buɗe nata a Bronx da iyalai wajen 300, bisa ƙa'idar kowane gida ƙuri'a ɗaya, kuma ba a sayar da kaso don cin riba. Kusan shekara ɗari ke nan yana tafiya a kan tsarin haɗin gwiwa.

Ba ina cewa tsarin nasu ba shi da aibi ba ne. Gidajen Dunbar da attajiri John D. Rockefeller ƙarami ya gina wa baƙar fata a Harlem, waɗanda aka buɗe a 1928, sun fara ne a matsayin na haɗin gwiwa, amma da tattalin arziƙin duniya ya karye mazauna suka kasa biya, a 1936 ya karɓe abinsa suka koma gidajen haya. Haka kuma ikon tace mai saye ya zama makamin wariya a wurare da dama. A unguwar Jackson Heights, farkon kafuwarta, ba a sayar wa baƙar fata ko Bayahude. Hasali ma kwamiti na iya ƙin mutum ba tare da ya bayyana dalili ba.

Duk da haka abu guda ya tsaya mini a rai. Waɗannan mutane ba su haɗa uwa ba, ba su haɗa uba ba, wasu ko harshe ba su haɗa ba, amma rufinsu na tsaye. Mu kuwa jini ɗaya, alƙibla ɗaya, zaure ya faɗo mana. Kada wani ya ce ai nasu na jan bulo ne, namu na ƙasa. Babban masallacin Jenne a ƙasar Mali na ƙasa ne, ginin da ke tsaye yanzu tun 1907 yake, abin da ya riƙe shi kuwa shi ne al'adar mutanen garin ta fitowa su yi masa yaɓe tare. Bambancin da ke tsakaninmu da mutanen Bronx shi ne, kowannensu ya san iyakar kasonsa, ya san abin da ke wuyansa, kuma an rubuta.

Ashe Abin Yana Cikin Littattafanmu

Da na koma ga littattafan da ke kan kantata, sai kunya ta biyu ta kama ni, domin babu wani abin kirki a tsarin nan da malamanmu ba su riga sun yi bayaninsa ba.

Na farko, dukiyar mamaci tana komawa ga magada ne tun daga lokacin da ya cika, bayan an fitar da kuɗin jana'iza da bashi da wasiyya. Jinkirin rabo ba ya goge haƙƙin kowa, sai dai ya tara lissafi. In magaji ya rasu kafin a raba, kasonsa ya gangara ga nasa magadan, wannan shi ne babin da malaman fara'id ke kira munasakha. Gidanmu munasakha ce hawa uku.

Na biyu, kuma shi ne abin da yawancinmu ba mu sani ba, rabo ba lallai ne ya zama da katanga ba. Malaman Malikiyya sun kasa rabo gida uku: na ƙuri'a, na yarjejeniya, da wanda suke kira muhaya'a, wato rabon amfani. A wannan na ukun, mallaka tana nan a haɗe, abin da ake rabawa shi ne moro: wane ya zauna nan, wance ta zauna can. Ashe ana iya sanin kason kowa daki-daki, gida kuma ya zauna da ƙofarsa ɗaya.

Na uku, gyara. Risalar Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan hijira, littafin da kusan kowane zaure a ƙasar Hausa ke karantarwa, ta kawo hukuncin gida mai hawa biyu da mutum biyu suka mallaka. Gyaran ƙasa yana kan mai ƙasa, kuma in ya ƙi, a tilasta masa ya gyara ko ya sayar wa wanda zai gyara. Muktasar na Shehu Halil ya kawo irin wannan hukunci a kan abokin tarayya cikin abin da ba ya rabuwa. Hasali ma wani magini na birnin Tunis mai suna Ibnur Rami, a ƙarni na 14 miladiyya, littafi sukutum ya wallafa kan hukunce-hukuncen gini: katangar tarayya, magudanar ruwa, taga mai leƙa maƙwabci, da sauransu. A shari'a babu “a gyara”, akwai “wane ya gyara”.

Na huɗu, shuf'a. Idan abokin tarayya ya sayar da kasonsa ga bare a gidan da ba a raba ba, sauran suna da ikon karɓe shi a kan kuɗin da aka saya, kowa gwargwadon kasonsa. Asalinsa hadisin Jabir ne da ke cikin Bukhari da Muslim, kuma a ruwayar Muslim an hana mutum sayarwa kafin ya sanar da abokin tarayyarsa. A mazhabarmu wannan haƙƙi na abokin tarayya ne, ba na maƙwabci ba, saɓanin Hanafiyya, kuma wanda ke gari ya yi shiru har shekara ta wuce, damarsa ta faɗi. Ka duba adalcin da ke nan, ya ɗan'uwa. Kwamitin Niyok yana hana ciniki ba tare da ya fitar da ko sisi ba. Shari'a kuwa cewa ta yi, in ba ka son bare a gidanku, zuba kuɗinsa. An kare gida, ba a kuma ɗaure mai buƙatar sayarwa ba.

Na biyar, rubutu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ga sahabbai ta sauka, mutanen da suka fi mu amana nesa ba kusa ba. A Suratu Sad, aya ta 24, an ba mu labarin Annabi Dawuda (AS) yana bayyana cewa abokan tarayya da yawa kan zalunci juna, in ban da masu imani da aikin ƙwarai, waɗanda ba su da yawa. Ashe wanda ya ce a rubuta ba zargin ɗan'uwansa yake yi ba.

Sannan ga hadisin Nu'umanu ɗan Bashir a Bukhari, inda Manzon Allah (SAW) ya buga misali da mutanen da suka yi ƙuri'a a kan jirgin ruwa, wasu suka samu sama, wasu ƙasa, na ƙasa suka yi niyyar huda nasu kason don su huta da hawa ɗebo ruwa. Hadisin a kan hani da mummuna ya zo, amma duk mazaunin gidan gado ya san jirgin nan. Wanda ya ɗaga daɓen sashensa da siminti har ruwa ya koma gindin katangar ɗan'uwansa, da wanda ya haƙa masai kusa da rijiya, duk cewa suke yi a wurina na yi.

Hujjojin Da Ake Kawowa

Masu cewa a bar gida yadda aka same shi, babbar hujjarsu ita ce rabon gado na raba zumunci. Ba na raina wannan tsoro, domin mun ga gidajen da aka yanka kamar nama, ɗan'uwa ya juya wa ɗan'uwa ƙofa. Amma mu mutanen Bodinga bai kamata a ba mu labarin amfanin fayyace iyaka ba. A Sifawa, nan kusa da mu, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Bodinga. A 1812 Shehu ya raba nauyin tafiyar da daula, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, yamma ga Abdullahi. Na san wannan rabon aiki ne ba rabon gado ba, amma darasin a fili yake. Idan irin waɗannan bayin Allah sun buƙaci a nuna wa kowa inda nauyinsa ya tsaya, ina ga ni da ɗan baffana? Abin da ke kashe zumunci ba lissafi ba ne, ƙorafin da aka haɗiye shekara arba'in ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Hujja ta biyu ita ce wai mata sun yafe. Yaushe aka tambaye su? A gaban wa? Sun san nawa suka yafe? Matar da aka tsare da ido a gaban yayyenta maza aka ce “ai ke kin bar wa gida ko?”, me za ta ce in ba “na bari” ba? Abin da aka karɓa da kunya ba kyauta ba ne. Kason maraya kuwa ba mai ikon yafe shi, ko da waliyyinsa ne, kuma gargaɗin aya ta 10 cikin Suratun Nisa'i kan cin dukiyar marayu ya ishi mai hankali.

A ɗaya gefen akwai samari irina, masu cewa a sayar kowa ya kama gabansa. Ba na musun cewa haƙƙi ne. A mazhabarmu abin da ba ya rabuwa sai da cutarwa, in wani magaji ya nemi a sayar, ana tilasta wa wanda ya ƙi. Amma ba duk abin da ya halatta ne hikima ba. Gida ɗaya in aka raba kuɗinsa ga mutum sittin, abin da zai zo hannun kowa ba zai sayi fili ba, balle ya gina. Saurayi zai sayi babur da waya, tsohuwar da ta shekara hamsin a ɗakinta ta koma raɓe. Gidan asali kuma ba kuɗi ne kawai ba. Alhaji Shehu Shagari ya shugabanci Najeriya daga 1979 zuwa 1983, amma da ya rasu a Disambar 2018, garinsu Shagari aka mai da shi aka rufe. Mu mutane ne da ke komawa gida, to sai a bar mana gidan da za mu koma.

Ra'ayina ke nan a taƙaice: kada a bar gidan gado cikin duhu da sunan zumunci, kada kuma a rushe shi da sunan haƙƙi. A raba shi a takarda, a riƙe shi a ƙasa.

Abin Da Muka Yi

Sai da muka yi wata biyu muna lallashin baffa. Abin da ya sauko da shi shi ne alkawarin cewa ba za a gitta katanga ko ɗaya ba. Muka ɗauko wani malami masanin fara'id daga wajen dangi, don kada a ce na ja wa kaina. Zama uku aka yi. Aka zana zuriya tun daga mai gida, aka bi wa ya riga wa rasuwa, domin a nan lissafin ke juyawa. Tsofaffin mata ne suka fi kowa riƙe wannan tarihi. Magada 63 suka fito, fiye da rabinsu ba sa zaune a gidan, wasu na Shagari, wasu na Yabo, wasu na Sakkwato, wasu har Legas.

Aka kira magina da dillalai suka yi wa gida ƙima, aka rubuta kason kowa. Sannan muka amince da ƙa'idoji kaɗan. Wanda ke zaune a wurin da ya fi kasonsa zai riƙa biyan wani abu a shekara, a ba waɗanda ba sa zaune, na marayu kuma a ajiye musu. Kowane magidanci zai zuba wani abu a asusun gyara bayan kaka, a yi yaɓe da duba indararo kafin damina. Ba mai haƙa masai ko ɗaga daɓe sai da shawara. Mai son sayarwa ya fara tallata wa 'yan gida a rubuce. Mutum uku ke riƙe asusu, ɗaya daga cikinsu mace ce, ana karanta lissafi washegarin Babbar Salla lokacin da dangi ke gida. Aka sa hannu gaban shaidu, aka yi kwafi uku.

Ba zan yi muku ƙarya in ce komai ya daidaita ba. Zo mu zauna, zo mu saɓa. Ɗan baffan nan nawa ya sayar da kasonsa, mu uku muka haɗa kuɗi da kyar muka saya, har yau gaisuwarmu ba ta koma kamar da ba. Akwai magidanta biyu da sai an bi su kafin su zuba na asusu. Ni kaina lissafi ya nuna wurin da nake ciki ya ninka kasona, ina biya, kuma ina jin nauyinsa a albashin malamin Islamiyya. Zauren ma da bulo da kwano muka mai da shi, domin kuɗin azara da maginin da ya iya aikinta sun fi ƙarfinmu. Duk ranar da na shiga na ji zafin kwanon, sai in tuna indararo guda ne ya jawo mana.

Gwaggo kuwa, ranar da aka karanta mata kasonta, sai ta sa aka maimaita. Sannan ta ce: “To yanzu na san ina da shi. Ku rubuta, na ba marayun ƙanena.” Aka rubuta, aka kafa shaidu. Allah Ya yi mata rasuwa a 2022 a ɗakinta a Shagari. Da mun ƙara jinkirin shekara biyu, da ta tafi da haƙƙinta a wuyanmu, da kuma mun hana ta ladan kyautar da ta yi da hannunta. Allah Ya jiƙanta da rahama.

Kammalawa

Ya ɗan'uwana matashi, na san da yawanku a irin gidanmu kuke kwana. Ba ina zuga ka ka je ka ɗaga wa baffanka murya ba ne, ladabi ga manya wajibi ne. Abin da nake roƙonka guda uku ne. Ka zauna da tsofaffin gidanku tun suna raye, ka rubuta wa ya haifi wa, wa ya riga wa rasuwa. Ka tambayi kanka wace gwaggo ce ko wane maraya ne ke da kaso a ɗakin da kake ciki. Sannan ka ɗaga kai ka dubi indararon gidanku, in ya karye kada ka ce a gyara, ka nemo tsani.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren da ke ciki kuwa daga gare ni ne, kuma duk mas'alar gado a mai da ta ga malamai masana da alƙalai, kada a tsaya ga rubutuna. Allah Ya jiƙan waɗanda suka gina mana, Ya ba mu ikon sauke haƙƙin waɗanda muke tarayya da su, Ya sa mu gama da duniya lafiya.